Wai Motar Nan Ta Yi Yaƙi?

Mai Bedford: Salamu alaikum 'yan zaure. Yau kam sai na amayar da abin da ke cikina. Kun san tsohuwar Bedford ɗin sojan nan da na saya a hannun 'yan gwangwan, wadda kowa ya ce na zubar da kuɗina. Na cire injinta na fetur na sa Perkins na gas mai silinda shida, na yanke bodin bayan da ya ruɓe aka ɗora mata na katako, na rufe koren fentin da shuɗi. A kasuwar Giwa wani dillali ya hana a yi min lodin taki, a gaban 'yan dako ya ce shi ba ya zuba amanar mutane a akwala. Aka ba wata Kanta. Bayan la'asar ruwa ya sauko, Kantar ta kafe a laka har gindi. Wa aka kira? Ni. Na sa giyar taimako, ƙafa huɗu suka kama, na fizgo ta da lodinta. Ko sannu dillalin nan bai ce min ba. To ni dai na faɗa, wanda zai ji haushi ya ji: a hanyar gona da damina, tsohuwar motar soja da aka gyara ta fi duk wata sabuwar mota da ke Zariya. Motar da ta yi yaƙi ba laka ce za ta ba ta tsoro ba.

Ɗan Kwangila: Wa alaikumus salam. Allah ya huci zuciyarka Alhaji. Amma tsaya tukuna, wane yaƙi?

Mai Bedford: Yaƙin basasa mana. Wanda ya sayar min shi ya faɗa, kuma ga hujin harsashi nan a ƙofar direba, yatsa yana shiga.

Ɗan Kwangila: Ɗan gwangwan ne shaidarka? Mutanen da za su sayar maka da murfin tukunya su rantse garkuwar Sarauniya Amina ce?

Hajiya Mai Hatsi: Alhaji, nawa kake ɗauko buhun masara daga Soba zuwa Sabon Gari?

Oga Muciya: Hujin nan na gan shi da idona ranar da aka kawo ta walda. Wurin ƙarfen madubi ne, tsatsa ta cinye gefensa. Akwai ɗan'uwansa a ƙasa, tazarar taƙi guda, an toshe shi an shafe da fenti. Harsashi ba ya auna tazara. Ni abin da ya dame ni daban ne, Alhaji. Injin fetur yana zuƙar iska, da wannan zuƙar ake taimaka wa burki. Injin gas ba ya yi, sai an haɗa masa famfo na daban. Wanda ya ɗora maka Perkins ɗin nan ya haɗa famfon, ko ƙarfin ƙafarka kawai kake takawa da shi?

Mai Bedford: Oga, kai haushinka ba a kawo maka aikin injin ba ne. Madubi ina, harsashi ina?

Malamin Samaru: A yi a hankali. Na duba hoton da ya taɓa sakawa, samfurin RL ce. Kamfanin Bedford na Ingila ya fara ƙera ta a 1953 don sojan ƙasarsu, ƙafa huɗu ke ja, injin fetur mai silinda shida, lita 4.9, an yi ta don ɗaukar tan 3. Yaƙin basasa an fara shi a Yulin 1967 aka gama a Janairun 1970. Ke nan ta fuskar shekaru maganar tana iya yiwuwa. Sai dai yiwuwa daban, tabbatarwa daban. Sojan Ingila sun yi gwanjon irin waɗannan motoci da yawa, 'yan kasuwa sun kai su ƙasashe. Ina farantin ƙarfen da ke ɗauke da lambar shasi? Ina takardar gwanjo?

Mai Bedford: Farantin ya ɓace. Amma sitiyarinta a dama yake, Malam. Kai da kake da ilimi, yaushe muka sauya hannun tuƙi?

Malamin Samaru: 2 ga Afrilun 1972.

Mai Bedford: To shi ke nan. Kafin 1972 ta shigo. Magana ta ƙare.

Malamin Samaru: Ba ta ƙare ba. Ingila har yau sitiyarin dama suke yi. Ko a 1985 aka shigo da ita a dama za ka same shi. Kuma wannan abin da kake alfahari da shi matsala ce gare ka, domin dokar hanya ba ta yarda da mai sitiyarin dama ba. Fentin kam ka yi daidai, tun 1977 akwai dokar da ta hana farar hula tuƙa mota mai launin soja.

Ɗan Gyallesu: Kakana ya je yaƙin Bama, Allah ya ji ƙansa. Yana ba mu labarin irin motar nan sak, mai gajeren hanci. Ni ina ganin ma ta girmi yaƙin basasa.

Malamin Samaru: Amin. Amma yaƙin Bama ya ƙare a 1945, shekara takwas kafin a ƙera RL ta farko.

Ɗan Gyallesu: Wato kakana ne maƙaryaci?

Malamin Samaru: Ban ce ba.

Ɗan Gyallesu: Ka ce mana. Ku 'yan Samaru in ba a littafin Bature kuka gani ba, ko ubanku ne ya faɗa ƙarya ce.

Baba Saje: Ku yara, tun ɗazu ina karanta ku ina haƙuri. Mota ba ta yaƙi. Soja ke yaƙi. Ni a Depot ɗin nan na garinku aka horar da ni, wurin da yake horar da kurata tun 1924, kuma da ni aka je Laberiya a ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka ta Yamma. A zamaninmu Steyr muka fi hawa, wadda ake haɗawa a Bauci a lokacin. Ba a taɓa liƙa wa mota lambar yabo ba. Ka ɗauki ƙarfe ka ce ya yi yaƙi, waɗanda muka binne a can fa, me suka yi? A janye kalmar nan.

Mai Bedford: Baba, Allah ya ƙara girma, ba da raini na faɗa ba. Amma wa ya kai ku bakin daga? Da ƙafa kuka je?

Baba Saje: Da jirgin ruwa.

Ɗan Kwangila: Baba, ni fa na ji an ce a sito kuka yi aikin naku, wajen rabon bargo da gwangwanin kifi.

Baba Saje: Wanda ya faɗa maka ya zo ya faɗa a gabana. Ubanka yana kwasar kamasho a tasha lokacin da muke kwana cikin rami. Kuma ko mai sito soja ne, in bai raba harsashi ba da me za a yi harbin? Sarkin Zaure, ka ja wa yaron nan kunne ko in fita.

Ɗan Kwangila: Tuba nake Baba. Amma kun ga yanzu da bakinku kun ce mai sito ma ya yi yaƙi. To me ya hana mota?

Baba Saje: Mai sito yana da rai.

Hajiya Mai Hatsi: Bayin Allah, buhu 40 ne da ni a Soba, hanya ta yanke. Nawa ne?

Bakano: Zage-zagi ke nan. An taru a kan mota guda an kasa sanin mace ce ko namiji, balle a san ta yi yaƙi. Ku kawo ta kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano, yaro ɗan shekara goma zai leƙa ƙarƙashinta ya gaya muku ranar da aka haife ta.

Oga Muciya: Ƙofar Ruwa me? Ku sayar da kaya kuka iya. In ana maganar a ƙera abin da babu shi a kasuwa, Panteka ta Kaduna ake zuwa. Farantin da ya haɗa Perkins ɗin nan da giyabos ɗin Bedford, a shago za ka same shi? Sai an auna an yanka an huda. Kuma tun da aka sayar da masana'antar Bedford ta manyan motoci a 1987, kayanta sai dai a ciro daga gawar wata.

Bakano: To Panteka a Zariya take? Kun ga ko abin alfaharin ma aro kuka yi.

Ɗan Gyallesu: Kaduna ai ƙasar Zazzau ce, bawan Allah. Je ka tambaya.

Bakano: Na tambaya, an ce Gwamna a can yake zaune, ba a Ƙofar Doka ba.

Sarkin Zaure: A bar maganar gari. Ɗan Kwangila, ka kiyaye harshenka da Baba. Ni dai tun farko na gaya wa Alhaji, in har zai sauya inji ya sa na Marsandi 911. Sunan ma bayani ne: tan 9 nauyinta da kaya, ƙarfin doki kusan 110. Injin OM352 babu garejin da ba a san shi ba daga nan har Legas, ga shi an haɗa Marsandi a Inugu shekara da shekaru, kaya ko'ina. Perkins injin tarakta ne.

Mai Bedford: Injin taraktan ne ya ciro Kanta. Kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, wa zai iya ciyar da inji mai lita 4.9 da fetur? A da kafireto ɗinta kwankwaɗa yake yi. Yanzu ba ta gudu, na yarda, da ƙyar take wuce 60 a kwalta, sitiyari kuma sai ka ci tuwo ka ƙoshi kafin ka juya shi. Amma hanyar Makarfi in rake ya nuna, ko cikin fadamar Galma, gudu ake nema ko fita?

Oga Muciya: Buhu nawa kake ɗora mata?

Mai Bedford: Na masara 60, ba ta ko nishi.

Oga Muciya: Tan 6 ke nan a kan motar tan 3, da burkin da har yanzu ba ka ce min komai a kansa ba. Ranar da za ka gangaro da wannan lodin keke-napep ya gitta maka, hujin ƙofa ba zai tsayar da ita ba.

Mai Bedford: Bakinka ya sari ɗanyen kashi.

Ɗan Gyallesu: Ni har yanzu Malam bai ba kakana haƙuri ba.

Malamin Samaru: Bedford sun yi wasu motocin soja a Yaƙin Duniya na Biyu, akwai QL, ita ma gajeren hanci gare ta. Wataƙila ita marigayin ya gani.

Ɗan Gyallesu: Ka ga ni. Ashe ta je Bama.

Malamin Samaru: Ba wannan ba! Wata daban!

Baba Saje: Ko wacce ce, ba ta yi yaƙi ba.

Hajiya Mai Hatsi: Na samu mai tarakta. Ku ci gaba.

Sarkin Zaure: To jama'a, dare ya yi, ga taƙaitawa. Na ɗaya, zaure bai samu hujjar cewa motar Alhaji ta je yaƙin basasa ba, hujin ƙofa kuma masu sana'a sun ce na madubi ne. Na biyu, Baba Saje dattijonmu ne, an ba shi haƙuri. Na uku, kuma shi ne muhimmi, kusan kowa ya yarda cewa kuskuren aikin nan shi ne sa Perkins, da an sa injin 911 da duk wannan ce-ce-ku-cen bai taso ba. Masu sha'awar irin wannan gyara su tuntuɓe ni ta gefe, akwai guda biyu a shago da giyabos ɗinsu, ba a taɓa buɗe su ba.

Ɗan Kwangila: Ranka ya daɗe, wane ne “kusan kowa”? Na koma sama na duba, kai kaɗai ka ambaci 911.

Sarkin Zaure: An rufe zaure sai bayan sallar Asuba.