Ganyen tattasai da tumatir ɗina na cikin ɗaki suna ta yin rawaya, taki ne ya yi kaɗan ko me?

Sabon_Manomi:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah masu ilimin shuka ku taimaka min da shawara. Ina da tattasai da tumatir da na shuka a cikin ɗaki a tukwanen roba, ba sa ganin rana ko kaɗan, fitilar LED nake kunna musu awa 16 kullum, kuma ba ƙasa na zuba ba ɓawon kwakwa ne wanda ake sayarwa a dunƙule ka jiƙa shi ya kumbura, na gauraya shi da farin tsakuwar nan mara nauyi perlite. Da farko lafiya lau suke kore shar, to tunda suka fara fure na canza musu taki zuwa wanda aka rubuta na fure da 'ya'ya ne, lambar ƙarshe ta jikin ledar ita ce babba, sai ganyen ƙasa da na tsakiya suka fara rawaya amma ba duka ganyen ba, jijiyoyin suna nan kore tsakaninsu ne ya koɗe, wasu har da ɗigo ɗigo ruwan ƙasa, tsinin ganyen kuma ya bushe yana karyewa in ka taɓa. Sannan tattasan sabon tohon can sama shi ma ya fito a koɗe kusan fari. Ruwan famfo nake ba su. Na ƙara yawan takin ina ganin ko yunwa ce amma abin sai gaba yake yi. Me zan yi dan Allah?

Abu_Lambu:

Wa alaikumus salam. Naitirojin ne ya yi musu kaɗan malam, duk ganyen da ya yi rawaya daga ƙasa shi ne. Ka samu yuriya ka jiƙa kaɗan a ruwa ka zuba musu za ka ga sun dawo kore.

Malam_Saiwa:

Abu_Lambu ka yi haƙuri amma ban yarda ba, kuma Sabon_Manomi dan Allah kar ka zuba yuriyar nan tukuna. In naitirojin ne ganyen gaba ɗaya yake koɗewa har da jijiyoyin, rawaya ɗaya sumul, daga baya ya faɗi. Shi kuwa ya ce jijiyoyin suna nan kore tsakani ne ya yi rawaya a tsofaffin ganye, wannan maganiziyam ne kai tsaye.

Bari in ɗan yi bayani don ya amfani wasu. Abu na farko da ake dubawa ba launin ba ne, a ina ne a jikin shukar abin ya fara. Akwai sinadaran da shuka take iya kwashewa daga tsohon ganye ta tura wa sabo in ta ga ba ta samu daga saiwa, su ne naitirojin da fosfaras da fotashiyam da maganiziyam, shi ya sa ƙarancinsu daga ƙasa yake farawa, tsohon ganye ne ake sadaukarwa. Akwai kuma waɗanda in sun shiga ganye sun zauna kenan ba sa motsi, irin su kalsiyam da ƙarfe da boron, su kuwa a sabon toho za ka ga alamar don shi ne bai samu rabonsa ba. To kai kana da biyun a lokaci guda, ƙasa tana nuna maganiziyam sama kuma tana nuna ƙarfe, ga kuma tsinin ganye a ƙone wanda alama ce ta taki ya yi yawa. Shukar da take nuna yunwa da ƙoshi a tare ba taki ta rasa ba, takin yana nan a tukunyar saiwar ce ta kasa ɗauka.

Abin da nake zargi guda uku ne kuma duk sun haɗu a wajenka. Ɓawon kwakwa in ba a wanke shi an jiƙa shi da ruwan kalsiyam kafin a shuka ba yana riƙe kalsiyam da maganiziyam ɗin da ka zuba ya saki fotashiyam da sodiyam nasa, halinsa kenan. Kai kuma ka zo ka ɗora masa takin fure, lambar ƙarshen nan da ka ce ita ce babba ai fotashiyam ce, kuma fotashiyam in ya yi yawa yana danne maganiziyam da kalsiyam a bakin saiwa ya hana su shiga, yawancin takin mai lamba uku ma, wato na naitirojin da fosfaras da fotashiyam, babu maganiziyam a ciki sai dai in an rubuta a gefe, ka duba ledar ka gani ko akwai Mg, wato alamar maganiziyam. Na ukun ruwan famfo, in mai nauyi ne, wato mai yawan ma'adinai a narke, yana ɗaga pH ɗin tukunyar a hankali, pH shi ne ma'aunin tsami, ƙaramar lamba tsami ya fi yawa, kuma da zarar ya haura 6.5 ƙarfe ya fara wahalar shiga, in ya wuce 7 sai ka ga sabon toho ya fito fari kamar yadda ka faɗa. A ɓawon kwakwa ana son ruwan ya zama tsakanin 5.8 da 6.2, in da ƙasa ce ta gaske 6 zuwa 6.8 ya yi. Kar ka raina bambancin, lamba ɗaya a ma'aunin pH ninki goma ce, wato 7 da 6 ba kusa suke ba.

Don haka kafin komai ka nemi mitar pH da mitar EC mai auna yawan gishirin taki da ya narke a ruwa, ka auna ruwan famfon shi kaɗai, ka auna bayan ka haɗa taki, sannan ka zuba a tukunya ka tari wanda ya fito ta ƙasa a faranti mai tsafta ka auna shi ma. Ka kawo mana lambobin.

Maman_Furanni:

Sannu ƙanina. Malam ya gama magana ta ɓangaren taki, ni dai abin da zan ƙara ka kashe fitilar nan ka kunna farin ƙwai na ɗaki ko ka kai tukunya ɗaya bakin taga ka duba, musamman in fitilarka irin mai ruwan hoda da shuɗi ce, a ƙarƙashinta ba ka taɓa ganin ainihin launin ganye. Sannan ka juya bayan ganyen ka duba da kyau, ƙananan ƙwarin nan jan gizo suna son ɗaki mai zafi da bushewa kuma ɓarnarsu tana kama da ƙarancin taki, sai dai tasu ɗigo ne ƙanana ƙanana farare birjik, in sun yi yawa har da yanar gizo siririya a hammatar ganye. Ka sa farar takarda a ƙasa ka girgiza reshen, in ka ga ƙura tana tafiya to su ne.

Kuma farin saman nan, ka auna nisan fitilar da kan shukar. In ganyen da suke daf da fitila ne kaɗai suka koɗe, na gefe da inuwa ta rufe kuma suna kore duk da cewa sababbi ne, to haske ne ya yi yawa ba ƙarfe ba, ɗaga ta sama kawai za ka yi. Tukwanen naka ma suna da huji isasshe? Don na ga mutane da yawa suna barin tukunya zaune cikin ruwan da ya tsiyaye a faranti, saiwa kuma tana buƙatar iska, in ta jima a jiƙe sai ta koma ruwan ƙasa tana yauƙi tana wari, daga nan ko wane irin taki ka zuba ba za ta sha ba. Zare ɗaya daga tukunya a hankali ka leƙa, saiwa mai lafiya fara ce tas.

Sabon_Manomi:

Na gode sosai Allah ya saka da alheri. Hajiya na duba bayan ganyen babu ƙwari, takardar ma ba abin da ya faɗo, saiwar kuma fara ce sai dai a saman ɓawon da gefen tukunyar akwai wani farin abu da ya daskare kamar gishiri. Fitilar tana da nisa kusan santimita 45 kuma har sababbin ganyen gefe sun koɗe. Malam na samo mitocin, ruwan famfo pH 7.8 EC 0.6, bayan na haɗa taki pH 7.1 EC 2.4, wanda ya fito ta ƙasa kuma pH 7.3 EC 4.1. Ledar takin babu Mg a jiki. Dama ruwa kaɗan kaɗan nake zubawa yadda ba zai fito ta ƙasa ya ɓata min ɗaki ba. Yanzu yaya kenan, in cire ganyen da suka lalace?

Malam_Saiwa:

To ai ga amsar nan ta fito da kanta. Ka zuba 2.4 ya fito 4.1, gishirin taki ne ya taru a tukunyar saboda ba ka barin ruwa ya ratsa ya fita, shukar tana shan ruwan tana barin gishirin, farin abin da ka gani kenan kuma shi ne ya ƙone maka tsinin ganye. A ɓawon kwakwa duk ban ruwa sai ka bari kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ya fito ta ƙasa ka zubar, ka sa faranti mai zurfi in ɗakin kake tsoro.

Ka fara da wanke tukwanen. Ka haɗa ruwa mai taki kaɗan, EC wajen 1.0, ka sauko da pH ɗinsa zuwa 5.8 ko 6, ka yi ta zubawa a hankali har sai wanda yake fitowa ya matso kusa da wanda kake zubawa, yana iya cin ninki biyu ko uku na girman tukunyar kar abin ya ba ka mamaki. Ni ban cika son a wanke ɓawon kwakwa da ruwa zalla ba don yana ƙara tsotse ɗan kalsiyam ɗin da ya rage, wasu suna yi dai. Bayan nan ka koma taki wanda yake da kalsiyam da maganiziyam a ciki, ko ka riƙa ƙara ruwan Cal-Mag, wato haɗin kalsiyam da maganiziyam, ka tsaya a EC 1.6 zuwa 2.0 har su farfaɗo, tumatirin daga baya zai iya ɗaukar fiye da haka shi ya fi tattasai juriya da gishiri. Kuma taki ake fara haɗawa sannan a gyara pH a ƙarshe, don takin kansa yana canza shi, ka ga naka ma ya sauko daga 7.8 zuwa 7.1.

Maganiziyam ɗin in kana son ya yi sauri ka samu gishirin Epsom wanda ba a sa masa turare ba, cokalin shayi ɗaya a lita 4 na ruwa, ka fesa a ganye daf da lokacin kashe fitila don kar ya ƙone. Ƙarfe kuwa ina ganin ba sai ka sayi komai ba, yana cikin takin, pH ne ya kulle shi, in ya sauko zai buɗe. In dai har bayan sati biyu sabon toho bai canza ba to ka duba jikin ledar ka ga wane irin ƙarfe ne a takin, mai EDTA yana rasa ƙarfi in pH ya haura 6.5, mai DTPA ya fi shi juriya, mai EDDHA wanda yake rina ruwa ja shi ne yake aiki har a ruwa mai nauyi sosai.

Ganyen da ya riga ya bushe ba zai dawo ba kar ka zauna kana kallonsa, sabon da zai fito shi ne zai gaya maka ko ka dace. Wanda ya mutu fiye da rabi ka cire, sauran ka bar su suna ɗan aiki. Kuma ka sa ido a gindin 'ya'yan farko, tunda kalsiyam ma ya sha danniya kana iya ganin baƙin tabo ya lotsa a ƙasan tumatirin ko tattasan, ba cuta ba ce, ka tsinke su kawai, ka sa fanka tana kaɗa iska a hankali don kalsiyam tare da ruwan da ganye yake ja yana fitarwa yake tafiya, kuma kar ka bari tukunya ta bushe ƙarau tsakanin ban ruwa.

Abu_Lambu:

Na karɓi gyara malam, ban lura da maganar jijiyoyin ba. Amma maganar sauke pH ɗin nan ba sai ya sayi ruwan sauke pH da ake sayarwa a kwalba ba ai, lemon tsami ko binega ma suna yi, ɗigo kaɗan ka ga mita ta sauko.

Malam_Saiwa:

Suna saukewa a take amma ba sa riƙewa, ƙwayoyin halittar cikin ruwan da na tukunyar suna cinye tsamin sai pH ya sake hawa, ka auna yau 6 gobe ka tarar ya koma sama, balle ruwansa da yake da nauyi. In na gaggawa ne ya yi, amma na kullum gara na kwalbar wanda yawanci asid ɗin fosfaras ne, ya sa safar hannu ya riƙa ɗigawa kaɗan kaɗan yana motsawa yana aunawa. In zai iya samun ruwan sama mai tsafta ko ruwan da aka tace ya gauraya rabi da rabi da na famfon ma aikin zai ragu sosai. Sabon_Manomi abu ɗaya kuma, mitar pH ɗin nan sabuwa ce ko aro ka yi? Ka daidaita ta da ruwan gwaji na 7.0 da na 4.0 kafin ka yarda da ita, masu arahar suna saurin kaucewa, kuma kar ka bar bakinta ya bushe a ajiye.

Maman_Furanni:

Kuma dan Allah in za ka haɗa takin kalsiyam da gishirin Epsom kar ka zuba su tare a ɗan kofi suna da kauri, za su dunƙule su zama farin laka a ƙasa shuka ba ta amfana da shi. Ka cika bokitin da ruwa tukuna, ka zuba ɗaya ka motsa ya narke sannan ɗayan.

Sabon_Manomi:

Aro na yi Malam, kuma mai ita ya ce bai taɓa daidaita ta ba tunda ya saya, zan nemi ruwan gwajin in sake aunawa kafin in wanke tukwanen. Tambaya ɗaya, tumatirin guda biyu sun riga sun ɗaura 'ya'ya ƙanana, wankin ba zai sa su zube ba?

Malam_Saiwa:

Ba zai sa ba in ruwan ba mai sanyi ƙarara ba ne, ka bar shi ya kwana a ɗakin ya zama wajen digiri 20, kuma ka yi wankin da farkon kunna fitila don tukunyar ta samu ta tsane kafin dare. Ka turo hoton sabon tohon a farin haske bayan sati guda mu gani.