Shawarwarin da suka fito daga muhawara kan jinkirin harba kumbon Starliner

An yi ta kai-komo kan yadda aka riƙa ɗage harba kumbon Starliner na kamfanin Boeing a 2024. Mafi yawan masu magana sun ce kada a ɗauki ɗage tafiya a matsayin gazawa. Ranar 6 ga Mayu, 'yan sama jannati Butch Wilmore da Suni Williams har sun zauna a kujerunsu, aka fito da su saboda wani bawul na iskar oksijin a jikin rokar Atlas V da za ta ɗaga kumbon ya ƙi zama daidai. Sai 5 ga Yuni aka harba.

Inda muhawara ta yi zafi shi ne yoyon iskar hiliyom da aka gano tun kafin tashi, aka ce ba zai hana tafiya ba. Wasu suka dage cewa matsalar da ba a san tushenta ba, ba a kiranta ƙarama. Ni ma can na karkata. A hanya yoyon ya ƙaru, ƙananan injinan sarrafa kumbon guda biyar suka tsaya, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta dawo da shi babu kowa a ciki, ta bar Wilmore da Williams a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, tafiyar mako guda ta koma wata tara.

An kuma nemi a bai wa injiniya ikon cewa a dakata, ko da shugabanni na gaggawa. A 1986 injiniyoyi sun yi gargaɗin sanyi zai lalata zoben robar rokar kumbon Challenger na NASA, aka yi kunnen uwar shegu da su, mutum bakwai suka mutu.

Sai batun ajiye kumbo na biyu don ko-ta-kwana: kumbon Dragon na kamfanin SpaceX ne ya dawo da Wilmore da Williams a Maris 2025.