Wai An Gyara Littafin Tintin na Kwango

Baban Nafisa: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yau da ɓacin rai na zo, a yi mini uzuri idan na tsawaita. Makon jiya na tsaya wajen wani mai tsofaffin littattafai a bakin titi a nan Yamai domin in saya wa ɗiyata littafin labari cikin zane ta ƙarfafa Faransancinta, sai hannuna ya faɗa kan na Tintin wanda ya je Kwango. Da na nuna shakka, saboda na taɓa jin ana ce-ce-ku-ce a kansa, sai mai littattafan ya ce in kwantar da hankalina, wannan bugun da aka gyara ne. Da dare na buɗe kafin in miƙa mata, abin da na gani ya hana ni barci. Kowane baƙar fata a ciki an zana shi baƙi ƙirin da manyan leɓɓa da idanu zuru-zuru, ba ka bambance wani da wani, kuma yana magana kamar yaron da bakinsa bai gama buɗewa ba. Akwai inda jirgin ƙasa ya kauce daga layinsa, Tintin ya tsaya yana ba magidanta umarni su tayar da shi, har karensa yana kiransu malalata. A shafin ƙarshe kuwa an sassaƙa gunkinsa da na karen, ga mutum durƙushe a gabansu. Ni dai a ganina wajibi ne gwamnatocin Afirka su hana shigo da wannan littafi, kuma ina so in ji wanda zai ce ban yi daidai ba.

Malam Na-Damagaram: Wa alaikumus salam. Baban Nafisa, na fahimci zafin da ka ji, amma kada mu ɗora wa mai littattafan ƙaryar da bai yi ba, domin lallai an gyara littafin. Mai zanen littafin, Hergé, wanda sunansa na yanka Georges Remi, ya fara fitar da labarin kashi-kashi a 1930 a shafin yara na wata jaridar Katolika a Brussels, aka haɗa shi littafi a 1931 ba tare da launi ba. A 1946 ya sake zana shi gaba ɗaya, ya sa masa launi, ya rage shi zuwa shafi 62. A bugun farko akwai inda Tintin ya shiga ajin makarantar mishan yana gaya wa yaran Kwango cewa zai ba su labarin ƙasarsu, wato Beljiyam. A na 1946 an cire wannan, darasin ya koma lissafi, biyu a tara da biyu a jikin allo. Na koyar shekaru masu yawa kafin in ajiye aiki, kuma abin da duk aka cire kuskure daga cikinsa aka sa wani abu, gyara muke ce masa.

Ɗan Zariya: Allah ya gafarta Malam, ba gyara ba ne wannan, kwaskwarima ce. An goge sunan Beljiyam daga bakin Tintin, amma an bar leɓɓan, an bar durƙuson, an bar Bature ɗan saurayi yana raba gardamar dattawa kamar shi ne alƙalin garin. Abin da aka cire shi ne abin da zai sa littafin ya ƙi sayuwa a wajen Beljiyam, abin da aka bari kuwa shi ne ainihin cin mutuncin. Kuma mu tuna wace ƙasa ce ake zanawa. Daga 1885 zuwa 1908 Kwango mallakar Sarki Leopold na Biyu ce shi kaɗai, zamanin da ake yanke hannuwan mutane a kan roba, sannan gwamnatin Beljiyam ta karɓe ta har zuwa 1960. Mutumin da ya zana waɗannan fuskoki bai taka ƙasar ba sa'ad da yake zana su, shugaban jaridar ne, wani limamin coci mai suna Norbert Wallez, ya ce a tura Tintin can.

Malam Na-Damagaram: Ɗana, kalmar kwaskwarima ba ta dace da aikin da aka sake zana kowane shafinsa ba. A makarantar allo idan malam ya duba rubutun almajiri ya gyara wasali ɗaya, ai gyara ya yi ko da sauran kurakurai sun rage. Gyara mai rauni ma gyara ne.

Maman Sadiƙ: Malam, da izininka, misalin allon nan ya juya maka baya. Malamin da ya ga almajiri ya tsallake aya sukutum, sai ya bar ta ya tsaya daidaita wutsiyar harafi, ba za mu ce ya yi gyara ba, za mu ce bai duba allon ba, ko kuwa ya gani ya kau da kai. A Hausa muna da gyaran kuskure, muna kuma da gyaran fuska irin na amarya, kuma duk gyara ake ce musu, shi ya sa mai littattafan ya sami hanyar faɗin abin da ba ƙarya ba ne, ba kuma gaskiya ba. Abin da ya fi ba ni mamaki a tarihin littafin nan shi ne labarin karkanda. A asali Tintin ya huda bayan karkanda ya cusa nakiya ya tarwatsa ta. Da masu buga littafin a ƙasashen arewacin Turai suka ce yaransu ba za su ga wannan ba, sai Hergé ya sake zana shafin a 1975, karkandar ta tsere da ranta. Ke nan an ji kukan dabba an share mata hawaye, mutanen da ke cikin littafin kuwa fuskokinsu na nan yadda suke.

Mai Zane: Ni sana'ata ce zane, kuma ina ganin ana hukunta abin da ba a san ƙa'idarsa ba. Zanen barkwanci da zuzutawa ya gāda, mai dogon hanci a ƙara masa tsawo, mai tumbi a ƙara masa girma. Shi kansa Tintin idanunsa ɗigo biyu ne kawai, ba wanda ya ce an ci mutuncin Turawa.

Maman Sadiƙ: Ƙanena, tun da sana'arka ce, sai ka buɗe littafin ka ƙirga. Turawan da ke ciki kowa da kamanninsa, ɗan mishan daban, ɗan ta'addar da ke bin Tintin daban. Zuzuta hancin mutum ɗaya barkwanci ne da shi, amma ba wa al'umma guda fuska ɗaya wani abu ne dabam, kuma ba Hergé ya ƙirƙiro wannan fuska ba, ita ce ake mannawa a tallace-tallacen Turai na wancan zamani.

Ɗan Zariya: Ban yi mamakin inda kariyar littafin ta fito ba. 'Yan uwanmu na ƙetaren iyaka da shi suka tashi a makaranta, kuma abin da aka shayar da mutum tun yana ƙarami da wuya ya ga aibinsa.

Malam Na-Damagaram: To, an zo wurin. Da farko dai Hergé ɗan Beljiyam ne, ba Bafaranshe ba, sai ka gyara wannan tun da gyara muke magana. Na biyu, wanda ya buɗe wannan zance yana neman a hana littafin ai daga Yamai yake rubutu. Na uku, mutanen da ayarin sojojin Faransa na Voulet da Chanoine ya ratsa ƙasarsu a 1899, ya ƙone Birnin Ƙonni, ya yaƙi Sarauniya a Lugu, ba su jira ɗalibi daga Zariya ya koya musu sharrin mulkin mallaka ba. Ku da Lugard ya ci ƙasarku, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, shin littattafan Ingilishi da aka ba ku a makaranta yabon kakanninku suke yi? Ban musanta cewa da littattafan Tintin na koyi karatun Faransanci ba, kuma ban ji kunyar hakan ba.

Ɗan Zariya: Allah ya huci zuciyar Malam, ban yi nufin raini ba. Amma Malam da bakinsa ya tabbatar da abin da na faɗa.

Alhaji Mai Goro: Ni ban karanta na Kwangon ba, amma wani abokin kasuwancina da ya zauna a Kinshasa ya gaya mini cewa 'yan Kwango da kansu suna son littafin, har sassaƙen Tintin na itace ake sayarwa a kasuwa. Idan mai abu bai yi kuka ba, mu mene ne namu?

Ɗan Zariya: Alhaji, mai abu ya yi kuka, har kotu ya je. Wani ɗan Kwango mai suna Bienvenu Mbutu Mondondo ya shigar da ƙara a Brussels a 2007 yana neman a janye littafin daga kasuwa. Mai sassaƙa kuwa abin da baƙo zai saya yake sassaƙawa, wannan neman abinci ne, ba shaidar yarda ba.

Malam Na-Damagaram: Sai ka ƙarasa labarin. A Fabrairun 2012 kotun ta yi watsi da ƙarar, ta ce ba a nuna cewa an yi littafin da niyyar tunzura ƙiyayyar launin fata ba, kuma ya kamata a auna shi da zamanin da aka zana shi. An ɗaukaka ƙara, a ƙarshen wannan shekara aka sake tabbatar da hukuncin.

Maman Sadiƙ: Kotun Beljiyam ta wanke littafin Beljiyam bisa dokar Beljiyam, kuma niyya ta auna, ba ta auna abin da yarinya kamar Nafisa za ta ji idan ta ga kanta a shafin ba. A shekarar 2007 ɗin dai hukumar daidaiton launin fata ta Birtaniya ta yi tir da littafin, manyan shagunan littattafai na can suka ɗauke shi daga sashen yara suka kai shi na manya. Abin takaicin shi ne surutun ya sa cinikinsa ya ƙaru.

Baban Nafisa: Jama'a, tun safe ake ta gyara da kwaskwarima, har an kai Burmi, amma ba wanda ya taɓa abin da na kawo. A hana littafin ko kada a hana?

Ɗan Mai Wurno: Kafin a amsa wa Baban Nafisa, akwai wani littafin na Hergé da ya fi shafarmu kai tsaye, kuma ba a ambace shi ba. Ya fito a 1958, labarin wasu Musulmi baƙaƙen fata ne da suka kama hanyar Makka aka loda su a jirgin ruwa za a sayar da su bayi a Bahar Maliya. Mu da kakanninmu suka bi ta Chadi da ƙafa suka zauna a Sudan a kan hanyar hajji, wannan labari ba baƙo ba ne a kunnenmu. Marubucin da nufin la'antar cinikin bayi ya yi shi, amma sai ya zana mahajjatan a matsayin wawaye masu gurɓataccen Faransanci, har mujallar Jeune Afrique ta soke shi a 1962. A bugun 1967 ya sake rubuta maganganunsu. To wannan me za mu kira shi, gyara ko kwaskwarima?

Malam Na-Damagaram: Gyara, kuma hujja ce a gare ni cewa mutumin yana sauraron suka. Daga baya ma ya amsa da bakinsa cewa da son zuciyar mutanen da ya tashi cikinsu ya zana Afirka.

Ɗan Zariya: Hujja ce dai cewa ya iya gyara idan ya ga dama. A wani littafin da ya zana lokacin da Jamus ta mamaye Beljiyam, mugun attajirin labarin sunan Yahudawa gare shi, Blumenstein, a 1954 aka canza sunan. Da Amurkawa za su buga wasu littattafansa a ƙarshen shekarun 1950, sun ce ba sa son baƙi da farare a haɗe a littafin yara, sai aka goge wasu baƙaƙen aka zana waɗansu mutane a gurbinsu. Wannan ma a takarda gyara sunansa. Kullum mai kuɗin sayen littafin ne ake yi wa gyara.

Mai Zane: Ni abin da nake tsoro shi ne a riƙa taɓa zanen mutum bayan ransa. Hergé ya rasu a 1983. Gara abin da aka yi a 2023, da aka sake fito da zanen asali aka canza bango aka sa gabatarwa mai bayanin zamanin da aka yi shi, yadda bugun Ingilishi na 2005 ma ya zo da gargaɗi. Idan aka goge komai, gobe wani zai ce ba a taɓa zana mu haka ba.

Maman Sadiƙ: Yaro ɗan shekara takwas ba ya karanta gabatarwa, hotuna yake kallo.

Shugaban Zaure: Lokaci ya ja, zan rufe wannan batu da taƙaitawa. Abin da ya fito fili shi ne, kamar yadda malaminmu Na-Damagaram ya kawo da shekaru da hujjoji, an gyara littafin ba sau ɗaya ba, kotu kuma ta wanke shi har sau biyu, saboda haka mai littattafan bai yaudari kowa ba. Mafi yawan masu magana sun karkata ga cewa a bar littafin da bayani a gabansa. An ɗan sami zafin kai daga ɓangaren matasa, muna kuma jan hankalin Ɗan Zariya ya riƙa sanin da wa yake magana. Muna gode wa Maman Sadiƙ da labarin karkanda mai ban dariya.

Maman Sadiƙ: Ranka ya daɗe, ban kawo shi don dariya ba. Kuma na koma sama na ƙirga, mutum ɗaya ne tak ya ce a bar littafin da bayani, shi ne Mai Zane.

Baban Nafisa: Ni dai littafin yana kan kwaba na ɗora masa akwati, kuma tun da ta dawo daga makaranta Nafisa take tambayata ina tsarabar da na ce na sayo mata.