Taswira ce ke riƙe mai karatu, ko labari?

Mai Taswira: Salamu alaikum jama'a. Ga magana na ajiye, mai musu ya musa. A labaran almara irin na sihiri da dodanni, duniyar da marubuci ya gina ta fi labarin kansa daraja. Ai labarin kusan ɗaya ne kullum: maraya, mugun sarki, doguwar tafiya. Ƙasar ce ke sa ka koma wa littafi sau uku. Ni in na buɗe littafi ban ga taswira a shafin farko ba, sai gwiwata ta yi sanyi.

Anti Malama: Wa alaikumus salam. To ka sayi littafin labarin ƙasa mana ka huta, ƙanena. Bara na ari wani littafi, shafi talatin na farko duk jerin sarakuna ne, wane ya haifi wane, wane ya ci garin wane. Har na ajiye shi ban ji mutum ɗaya ya buɗe baki ya yi magana ba.

Mai Taswira: Anti, wannan rashin iya rubutu ne, kada ki ɗora wa ginin duniyar. Dubi Tolkien, marubucin The Hobbit da The Lord of the Rings. Malamin harshe ne a Jami'ar Oksfod, kuma kafin The Hobbit ya fito a 1937 ya riga ya shafe kusan shekara ashirin yana ƙera harsuna da tarihin duniyar tasa. Harshe ɗaya, Quenya, ya ɗauko masa sauti daga harshen Finlan, ɗayan kuma, Sindarin, daga na mutanen Wales. Shi da kansa ya ce harsunan ne suka riga zuwa, labaran ya ƙago su ne don harsunan su sami mazauni. Ya kuma ce da taswira ya fara, sannan ya daidaita labarin da ita. Har tsayuwar wata sai da ya lissafa, don kada waɗannan matafiya su ga wata ya cika, waɗancan su ga jinjiri, alhali dare ɗaya ne.

Baban Yara: Hujjar nan taka ita za ta kayar da kai. Wancan tarihin da kake yabo, ai ya kai wa masu buga littafinsa a 1937 suka ƙi, suka ce ya ƙaro musu labarin hobbit, wato gajerun mutanen nan na littafinsa The Hobbit. Sai bayan rasuwarsa a 1973 ɗansa Christopher ya tattara shi, ya fito a 1977 da sunan The Silmarillion. To mu faɗi gaskiya, mu nawa a nan muka kai ƙarshensa? Kuma ko a The Lord of the Rings, jerin sarakuna da kalanda da haruffa duk rataye ya yi su a ƙarshen juzu'i na uku, wanda ya fito a 1955. Bai tare mai karatu da su a bakin ƙofa ba.

Ɗan Auta: Ni na gama The Silmarillion, Baba.

Baban Yara: A shekara nawa?

Ɗan Auta: A bar kaza cikin gashinta.

Anti Malama: Bari in gyara maganata, don kada a ce na tsani ginin gaba ɗaya. Abin da ke kama ni shi ne hange. Matafiya su kwana a gindin rusasshiyar hasumiya, ɗaya ya rera baiti biyu da sunan wani sarki a ciki, a wuce ba a yi bayani ba. Sai in ji a jikina cewa ƙasar nan ta girmi labarin, an rayu an mutu a cikinta kafin waɗannan su zo. Da zarar marubuci ya tsayar da ni ya ce zauna in gaya miki tarihin hasumiyar tun daga tubalin farko, daɗin ya gudu.

Mai Taswira: Yawwa, kin zo gida. Wannan hangen ba ya samuwa sai in akwai abin a bayan dutsen da gaske. Mai karatu ba yaro ba ne. Yana gane sunan da aka jefo don ado da sunan da ke da saiwa. Wanda ya ƙago harshe, sunayen koguna da duwatsunsa za ka ji 'yan gida ɗaya ne. Wanda bai ƙago ba sai ya haɗa baƙaƙe uku ya liƙa wasali ya ce gari ne.

Anti Malama: Ya gina nasa a ɗakinsa, ba ruwana. Kada dai ya kawo mini kwanon siminti ya ce in yaba.

Malam Shiru: Ku ba ni wuri kaɗan. Kuna ta auna yawan ginin, ni kuwa tambayata ɗaya ce: shin dokar ƙasar tana matsa wa mutanen ciki? Ursula Le Guin, a A Wizard of Earthsea na 1968, ta kafa doka cewa kowane abu yana da sunansa na ainihi, kuma wanda ya san sunan yana da iko a kansa. Daga nan komai ya biyo. Mutum yana ɓoye sunansa kamar ransa, in kuwa aboki ya faɗa maka nasa, to ya miƙa maka wuyansa ke nan. Babu jerin sarakuna mai shafi talatin, amma amana ta sami ma'anar da ba ta da ita a wani littafin. Haka George Martin a A Game of Thrones na 1996: hunturu kan yi shekaru bai wuce ba. A irin wannan ƙasa rumbu ya zama siyasa, kuma sarakunan da ke ƙone gonaki suna rigimar kujera kai mai karatu ka san abin da ke jiransu. Shi ne ma ya taɓa tsokanar Tolkien da tambayar yadda Aragorn, jarumin The Lord of the Rings, zai karɓi haraji bayan ya hau gadon sarauta.

Mai Taswira: Malam, ai wannan duk gini ne. Kana gefena.

Malam Shiru: Rabi. Taswirar da za a cire labarin bai girgiza ba, ba ta yi aiki ba. Amma in jarumi ya makara da kwana uku saboda kogin da aka zana tun farko ba shi da gada, har wani ya mutu saboda haka, to ta ci kuɗinta. Marubuci Brandon Sanderson yana da ƙa'ida makamanciyar wannan a kan sihiri: gwargwadon yadda mai karatu ya fahimci dokokinsa, gwargwadon yadda za a yarda ka warware matsala da shi.

Baban Yara: To tatsuniya fa? Garin Gizo da Ƙoƙi wa ya taɓa zana shi? Ruwan Bagaja na Abubakar Imam tun 1934 ake karanta shi, har ƙasar aljanu an je, babu wanda ya tambayi kwana nawa ne tsakanin wannan gari da wancan. Ramuwar gayya tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ce ke jan mutum.

Malam Shiru: Baba, Gizo ba ya bukatar taswira saboda an riga an gina ƙasarsa a kan mai sauraro. Ka ce kura, kowa ya san halinta, ka ce aljani, kowa ya san abin da zai iya. Wanda ya ƙago halittar da ba a taɓa ji ba dole ya yi wannan aikin da hannunsa, kuma ya riƙe shi har shafi dubu ba tare da ya tufka ya warware ba.

Baban Yara: Wannan kam na karɓa. Amma ban karɓi ta Mai Taswira ba.

Ɗan Auta: Tunda an zo nan, bari in tona kaina. Ina da wani littafin rubutu mai bango ja, shekara biyar ke nan. Ƙasashe huɗu, kalanda mai wata goma, sarakuna goma sha tara, har da kalmomi kusan ɗari biyu na harshen mutanen tsibiri. Babi na ɗaya kuwa layi shida ne, kuma biyu na soke.

Anti Malama: Allah sarki, auta. Wa ke zaune a bakin tekun, kuma me take so wanda dokar ƙasar ta hana ta?

Ɗan Auta: Ban sa kowa a wurin ba tukuna, Anti. Amma na san kifin da ake kamawa.

Mai Taswira: Rabu da su, ɗauko hoton taswirar ka turo mini. Ina son in ga inda kogunanka suka nufa, don yawancin masu farawa sai ka tarar nasu yana hawa dutse.