Tausa ga mai ciki wata bakwai, ya halatta?

Salamu alaikum 'yan uwa mata, don Allah ku taimaka min da shawara. Cikina ya shiga wata bakwai, bayana da kuguna ciwo suke kamar za su balle, ga kafafu sun kumbura har takalmina ba ya shiga, ga zafin Sakkwato dare ba barci. Wata makwabciyarmu a Mabera ta ce in je wajen masu gyaran jiki a yi min tausa da turaren tsugunno, amma a wajen awo nas ta ce kar in kwanta rigingine da dadewa, kuma in guji zafi mai yawa. To in a gefen hagu na kwanta, tausar baya da man zaitun kadai ba matsala? Kafar da ta kumbura fa, ana matsa ta? Cikin fari ne, wallahi tsoro nake ji.