Baƙuwar ciyawar Siyatul: a tumɓuke ta ko a bar ta?

Ɗan Maraɗi: Salamu alaikum. Ranar Asabar na bi masu aikin sa kai cikin kurmin wani wurin shaƙatawa a nan birnin Siyatul na jihar Washington a Amurka, muka wuni muna haƙe wata ciyawa, Carex pendula, wai baƙuwa ce. Ni dai ban gamsu ba. Abin da ya tsiro da kansa, ba mai shuka, ba mai ban ruwa, ai ya zama ɗan gida.

Malamar Gona: Wa alaikumus salam. Ƙanena, akwai mai shuka. Asalinta Turai ne da yammacin Asiya da arewacin Afirka. Don ado aka kawo ta lambunan gidaje, saboda zangarniyarta mai lanƙwasowa. Daga nan iri ya bi ruwan sama, ya faɗa rafi, ya sauka a kurmi. Tushe ɗaya kan zubar da iri dubbai, kuma inuwa ba ta dame ta ba. Tana kusan kai mita 2, ta yi cunkus a bakin rafi, ƙananan tsirran wurin su rasa inda za su fito. Shi ya sa jihar Washington ta sa ta cikin jerin ciyayi masu ɓarna.

Ɗan Maraɗi: To Yaya, ayarmu fa? Danginsu ɗaya, murza karan ki ji, kusurwa uku ne. A Maraɗi buhu-buhu ake sayar da ita, a nan kuwa magani suke fesa mata. Ashe zancen na ra'ayi ne kawai.

Baban Yara: Wallahi yaron nan ya kawo magana. A Ingila ma ita wannan ciyawar 'yar gida ce, har ana ɗaukarta alamar tsohon kurmi. Ta tsallaka teku ta zama mai laifi?

Malamar Gona: Baba, Allah ya ƙara girma, ai a nan gizo ke saƙa. A can ta taso tare da maƙwabtan da suka saba gogayya da ita. Ku da kuka fito Haɗeja, wa ya taɓa cewa kachalla ra'ayi ce bayan ta toshe hanyoyin ruwa?

Baban Yara: Kachalla daban, 'yata. Wannan ba ta hana kowa noma ko su ba. An ce baƙo raɓa ne.

Malamar Gona: Wannan da tabarmarsa ya zo. Abin da ma ya fi damuna, akwai 'yar ƙasa mai kama da ita, Carex obnupta, ita ma zangarniyarta na lanƙwasa. Baƙuwar dunƙule take wuri guda, 'yar ƙasar kuwa yaɗo take ta ƙarƙashin ƙasa. Ƙanena, waɗanda ka haƙe, a dunƙule suke?

Ɗan Maraɗi: Yawancinsu. Akwai dai wasu biyu-uku da saiwarsu ta yi ta bina.

Baban Yara: To fa!