Yaya ake kimanta rashin tabbas a hasashen ɗumamar teku?

Ɗalibin kimiyyar yanayi:
Assalamu alaikum, malamai. Ina nazarin sakamakon manhajojin kwaikwayon yanayi na shirin CMIP6, wato shirin ƙasa da ƙasa na kwatanta irin waɗannan manhajoji, a kan zafin da teku ke tarawa, kuma na tarar kowace manhaja da nata adadin, wasu sun yi sama ainun, wasu kuma ƙasa. Shin daidai ne in ɗauki tazarar da ke tsakaninsu a matsayin iyakar rashin tabbas ɗin, ko kuwa akwai abin da tazarar ke ɓoyewa?

Malamar lissafi:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Tazarar kaɗai ba za ta wadatar da kai ba, domin abubuwa uku ne a cakuɗe cikinta, kamar yadda masana yanayi Hawkins da Sutton suka rarrabe a 2009: jujjuyawar da yanayi ke yi da kansa irin ta El Niño (ɗumamar da saman tekun Pasifik ke yi lokaci-lokaci), bambancin yadda aka gina manhajojin, da kuma yawan hayaƙin da bil'adama zai fitar nan gaba. Na farkon ana auna shi ne ta hanyar gudanar da manhaja ɗaya sau da yawa, a sauya yanayin farawa kawai. Cibiyar NCAR a Amurka ta yi haka sau 40, cibiyar Max Planck a Jamus kuma sau 100. Abin da ya fi damuna shi ne na biyu, saboda manhajojin ba 'yan gashin kansu ba ne. Da yawa daga cikin na Turai sashen teku guda suke amfani da shi, wato NEMO, don haka idan biyar suka yarda da juna, ba shaidu biyar ka samu ba.

Mai binciken teku:
Malama ta yi gaskiya, sai dai zan ƙara da cewa ma'aunin da za ka gwada manhajojin da shi ma yana da nasa rauni. Na'urorin auna zafin teku na Argo, masu nutsewa zuwa zurfin mita 2,000 duk bayan kwana 10, adadinsu bai kai 3,000 ba sai a 2007. Kafin nan an dogara ne galibi da na'urorin auna zafi na XBT da ake jefawa daga jiragen ruwa, waɗanda a shekarar 2007 ɗin aka gano suna nuna zafi fiye da na ainihi. Sannan kada ka kwatanta komai sai ka cire karkatar da manhaja ke yi da kanta, wato sauyawar zafin ƙasan teku a hankali ba don hayaƙi ba, domin ruwan can yana ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin ya daidaita; za ka sami girman karkatar a gwajin da aka gudanar ba tare da ƙarin hayaƙi ba.

Ɗalibin kimiyyar yanayi:
Na gode ƙwarai. To, manhajojin da suka fi nuna ɗumama fa, in zubar da su?

Malamar lissafi:
A'a, rage musu nauyi za ka yi gwargwadon yadda suka kauce wa ɗumamar da aka riga aka auna. Wasu manhajojin CMIP6 sun nuna ɗumamar duniya da ta haura digiri 5 idan an ninka iskar kabon, alhali rahoton 2021 na IPCC, kwamitin Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi, ya tsaya a kan 2.5 zuwa 4. Ka ba da sakamakon biyu, mai nauyi da marar nauyi, ka kuma bayyana shekarun da ka yi gwajin da su.